Roger Tomlinson: Mutumin da ya shafe shekara 50 yana koya wa kwamfuta karatun taswira

Idan ka buɗe Google Maps a wayarka ka rubuta "gidan mai", kafin ka ɗago kai ta jero maka waɗanda ke kusa, ta faɗa maka nisan kowanne da mintunan da za ka yi a hanya. Mutane da yawa suna ɗauka hoton gari ne aka ɗora a cikin wayar. Amma hoto ba ya amsa tambaya. Abin da ke ƙarƙashin wannan taswira lambobi ne zalla: kowane shago ɗigo ne mai lambobi biyu, kowane titi jerin ɗigogi ne, kowace unguwa layi ne da ya zagayo ya haɗe. Shi ya sa kwamfuta take iya auna su, ta tace su, ta ɗora wani a kan wani.

Wannan fasaha ita ake kira GIS, wato tsarin tattarawa da sarrafa bayanan wurare a kwamfuta. Haruffan nan uku ba baƙi ba ne ga wanda ya taɓa bin takardar fili, domin su ne a ƙarshen sunayen AGIS ta Abuja da KADGIS ta Kaduna da KANGIS ta Kano. Wanda ya raɗa sunan kuma ya jagoranci gina tsarin farko shi ne Roger Tomlinson, haifaffen Ingila da ya yi rayuwar aikinsa a Kanada. Ya shiga harkar a farkon shekarun 1960, bai bar ta ba har ya rasu a 2014.

Daga tuƙin jirgi zuwa zanen ƙasa

An haifi Tomlinson a garin Kambirij na Ingila ranar 17 ga Nuwamban 1933. Yana matashi ya shiga rundunar sojan saman Birtaniya, inda ya yi aikin tuƙin jirgi daga 1951 zuwa 1954. Bayan ya ajiye kaki ya karanta labarin ƙasa a Jami'ar Nottingham, sannan ya ƙaura zuwa Kanada ya ci gaba da karatu a jami'o'in Acadia da McGill. Ba kwamfuta ya karanta ba. A lokacin ma darasin bai zama fanni mai zaman kansa a yawancin jami'o'i ba.

A 1960 yana aiki da wani kamfani a birnin Otawa mai suna Spartan Air Services, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama da haɗa taswirori. A nan ne ya ci karo da matsalar da ta zame masa aikin rayuwa, kuma daga Afirka ta fito.

Birai, giwaye da tulin takardu

Kamfanin ya samu aiki a Kenya ƙarƙashin tallafin gwamnatin Kanada. Ana son a gano wurin da ya fi dacewa a dasa gandun itatuwa da zai riƙa ciyar da masana'antar yin takarda. Tambayar gajera ce, amma sharuɗɗanta suna da yawa. Dole ƙasar wurin ta karɓi itacen, ruwan sama ya wadata, gangaren kada ya yi tsanani, kuma a samu hanyar da ma'aikata za su bi. Sai kuma a kauce wa inda birai suke, don suna cinye ƙananan itatuwa, a kuma kauce wa hanyar da giwaye ke bi.

Kowane sharaɗi yana kan taswirarsa daban, kuma ba a ma'auni ɗaya aka zana su ba. Yadda ake yi a wancan zamani shi ne a sake zana kowacce a kan leda mai ganin ciki, a jera su a kan teburin gilashi mai fitila a ƙasa, a riƙa leƙe ana neman inda duka suka dace. Leda biyu ko uku ido zai iya bi. Da sun kai biyar ko shida sai layuka su cakuɗe. Auna faɗin fili kuwa sai an ɗora takarda mai ɗigogi an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da Tomlinson ya lissafa abin da aikin zai ci, sai aka ce kuɗin ya yi yawa.

Daga nan ya fara wani tunani. In dai za a iya mayar da layin taswira lambobi, to kwamfuta za ta iya yin jerin nan da awon nan, ba gajiya ba ciwon ido. Ya gwada da ƙananan taswirori biyu, ya ga abin yana yiwuwa. Ya zagaya kamfanonin kwamfuta da shawarar, da farko babu wanda ya ga kasuwa a ciki. Daga baya ne IBM ta shigo.

Haɗuwa a cikin jirgi

A 1962 ya hau jirgi daga Otawa zuwa Toronto, sai kujerarsa ta faɗo kusa da ta wani jami'in gwamnati mai suna Lee Pratt. Ba a daɗe ba da ɗora wa Pratt shugabancin wani gagarumin shiri na ƙididdige ƙasar Kanada. Manoma da yawa a karkara suna cikin talauci saboda suna noma ƙasar da ba ta biyan wahala, gwamnati kuma tana son sanin ina ya dace da noma, ina ya dace da gandun daji, ina za a bar wa namun daji, ina za a keɓe don shaƙatawa. Yankin da za a duba ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.5, wato ya ninka faɗin Najeriya fiye da sau biyu da rabi.

Zana taswirorin ba shi ne damuwar Pratt ba. Damuwarsa ita ce wa zai karanta dubban taswirori ya fitar da amsa. Lissafin da aka yi ya nuna aikin hannu zai buƙaci ƙwararru sama da 500 na tsawon shekara 3, a kan kuɗi kusan dalar Kanada miliyan 8. Masana labarin ƙasa da ke ƙasar gaba ɗaya a lokacin ba su wuce kimanin 60 ba. Ko da an samu kuɗin, babu mutanen.

Tomlinson ya kwashe labarin gwajinsa ya faɗa masa. Kafin shekarar ta ƙare ya rubuta wa gwamnati rahoto, a 1963 kuma aka shiga aikin gina abin da aka sa wa suna CGIS, wato GIS na Kanada. Shekarunsa bai cika 30 ba.

Kwamfutar da ba ta da allon kallo

Don a gane nauyin aikin, sai an san irin na'urorin da ake da su. Kwamfutar da ta fi yaɗuwa a ofisoshi a farkon shekarun 1960 ita ce IBM 1401, kuma iyakar abin da ƙwaƙwalwarta ke riƙewa shi ne haruffa 16,000. Waya mai RAM na gigabait 4, wadda yau ake yi wa kallon ƙarama, ta ninka ta fiye da sau 250,000. Sai a 1964 IBM ta fito da jerin System/360, waɗanda suka ba aikin damar numfasawa. Babu linzami, babu allon taɓawa. Umarni a kan katin da ake hudawa ake rubuta shi, bayanai kuma a kan faifan tef ake adana su, irin na kaset amma manya.

Haka tawagar ta riƙa ƙirƙiro abubuwan da babu su. Na farko, yadda za a shigar da taswira. IBM ta ƙera musu wata sikana mai kama da ganga, wadda ake naɗa taswirar a jikinta tana juyawa, wani ido na lantarki yana karanta layukan. Manhaja ce kuma take bin ɗigogin da sikanar ta gani tana haɗa su su zama iyakoki.

Na biyu, sun raba siffa da bayani. Zanen fili yana fayil ɗaya, abin da aka sani game da filin, kamar irin ƙasarsa da darajarta ta noma daga aji 1 zuwa aji 7, yana wani fayil ɗin, lamba ɗaya ce take haɗa su. In bayani ya canja ba sai an sake zane ba. Har gobe haka ake yi. Idan ka taɓa shago a taswirar wayarka sai sunansa da lokacin buɗewarsa suka fito, wannan rabon ne yake aiki.

Na uku, iyakar da ke tsakanin filaye biyu sau ɗaya ake adana ta, tare da bayanin wane fili ne a damanta, wane ne a hagunta. Wannan ya rage cin wuri, ya kuma sa kwamfuta ta san wa ke maƙwabtaka da wa ba tare da ta ga zanen ba.

Dabarar da ta tsira har cikin wayarka

Akwai matsala ta huɗu, wadda duk mai rubuta manhaja zai ji daɗin yadda aka warware ta. Tef ba ya tsalle. Kamar kaset ne: in abin da kake so yana ƙarshe, sai ka jira an naɗe duk abin da ke gabansa. Ƙasa kuwa tana da tsawo da faɗi, amma tef layi ɗaya ne. In aka jera ɓangarorin taswira sahu-sahu daga yamma zuwa gabas, ɓangarori biyu da ke manne da juna, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, za su iya yin nisa sosai a kan tef ɗin. Kowace tambaya sai ta zama doguwar jira.

Wani ma'aikacin IBM mai suna Guy Morton ya kawo mafita a 1966. Maimakon a rubuta lambar arewa daban, ta gabas daban, sai a saƙa su kamar kitso, a ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Ga misali mai sauƙi: Kano tana wajen digiri 12 a arewa da digiri 08 a gabas. In aka saƙa 12 da 08, za a samu 1, 0, 2, 8, wato 1028. Kwamfuta da sifili da ɗaya take yin nata, amma dabarar ɗaya ce. Da zarar an jera wurare bisa wannan saƙaƙƙiyar lamba, yawancin maƙwabta a ƙasa sai su zama maƙwabta a kan tef.

Tef ya tafi, dabarar ta zauna. Tsarin Geohash da ya fito a 2008, wanda rumbunan bayanai da yawa ke amfani da shi wajen nemo abin da ke kusa da kai, a kanta aka gina shi. Gajerun lambobin Plus Codes da Google Maps ke ba kowane wuri su ma saƙa arewa da gabas suke yi, shi ya sa gidaje biyu a unguwa ɗaya lambobinsu ke farawa iri ɗaya.

Abin da taswirar ta tona

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai a 1971 tsarin ya fara aiki gadan-gadan, shekara 8 bayan farawa, abin da ba zai ba masu rubuta manhaja mamaki ba. A tsakanin nan, a 1968, Tomlinson ya fitar da maƙalar da ta yaɗa sunan GIS a duniya.

Da amsoshi suka fara fitowa, sun girgiza tunanin da ƴan Kanada suke da shi game da ƙasarsu. Ita ce ta biyu a faɗi a duniya, kowa yana ganin ƙasar noma ba za ta taɓa ƙarewa ba. Ƙididdigar ta nuna ƙasa mai aji 1, wadda ba ta da wata babbar matsala ga noma, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ce kacal. Fiye da rabinta kuma yana lardin Ontario, akasari a kudancinsa, daidai inda birane irin su Toronto ke faɗaɗa suna cinye gonaki. Wannan bayani yana cikin takardu tun da farko, sai dai babu wanda ya iya haɗa shi ya ga jimillar. Alƙaluman sun shiga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa wajen kare ƙasar noma daga gine-gine.

Shi kansa CGIS bai taɓa zama hajar sayarwa ba. A kan babbar kwamfutar gwamnati ya rayu, da zamani ya wuce shi aka kashe shi. Bayanan da aka shafe shekaru ana tarawa sun kusa salwanta a kan tsofaffin tef da na'urorin zamani ba sa karantawa, sai da wasu ma'aikata suka dage a shekarun 1990 suka ceto su suka mayar da su sabon tsari. Yau kyauta ake sauke su a intanet.

Rabin aikinsa na biyu: tambaya kafin sayayya

Tomlinson bai tsaya a kan nasarar farko ba. Ya koma aji, ya kammala digirin digirgir a Kwalejin Jami'a ta Landan a 1974, yana da shekara 40 a duniya. A 1977 ya buɗe kamfanin ba da shawara a Otawa mai suna Tomlinson Associates, wanda ya yi aiki da Bankin Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar gandun daji ta Amurka. Ya kuma jagoranci kwamitin GIS na ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya na tsawon shekara 12.

Kasuwar kuwa wasu ne suka gina ta. A 1969 Jack Dangermond da matarsa Laura suka kafa kamfanin Esri a garin Redlands na jihar Kalifoniya, a 1982 suka fitar da manhajar ARC/INFO, kakar ArcGIS ta yau. Tomlinson da Dangermond sun zama aminai, a 2010 ma tare ƙungiyar National Geographic ta ba su lambar yabo. Kanada ita ma ta karrama Tomlinson da lambar girmamawa ta ƙasa a 2001.

Shekarun da ya yi yana shiga ma'aikatu sun nuna masa wani ciwo da ke maimaita kansa. Hukuma za ta ware kuɗi ta sayi kwamfutoci da manhaja masu tsada, a yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu kayan suna shan ƙura, don babu wanda ya zauna ya faɗi abin da ake so su amsa. Hanyar da ya koyar, wadda ya tattara a littafinsa Thinking About GIS na 2003, daga ƙarshe take farowa. Da fari a tambayi ma'aikaci wace taswira ko wane jadawali yake buƙata a kan teburinsa don ya yanke shawara. Daga nan a gano bayanan da za su samar da shi, da inda za a samo su, da wanda zai riƙa sabunta su. Zancen na'ura da manhaja shi ne na ƙarshe. Ya kuma riƙa jan kunne cewa tara bayanai da kula da su ne ke cin mafi yawan kuɗi, ba kwamfutar ba.

A idonsa fasahar ta fito daga ɗakin gwamnati ta shiga aljihu. A watan Mayun 2000 Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, kuskuren ya sauko daga kusan mita 100 zuwa ƴan mitoci. QGIS, manhajar GIS ta kyauta, ta fara a 2002. OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa, ta zo a 2004, Google Maps kuma a 2005. Tomlinson ya rasu a Meziko a watan Fabrairun 2014 yana da shekara 80.

Ƙauyen da ba ya cikin taswira

Kafin rasuwarsa, tunanin da ya fara da gandun Kenya ya dawo Afirka a kan aikin da ya shafi rayukan yara. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da suka kamu da cutar shan inna, fiye da rabin adadin duniya na shekarar, kuma kusan dukansu a arewa. Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce taswirorin da ma'aikatan rigakafi ke bi da hannu aka zana su. Wasu ƙananan ƙauyuka da rugage ba sa ciki sam. Wasu kuma suna bakin iyakar mazaɓu biyu, kowace tawaga tana zaton na ɗaya ne.

Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam, aka bi su ana fitar da duk inda aka ga rufin gida, mutanen yankin kuma suna zuwa su tabbatar da sunan wurin. An ba tawagogi wayoyin Android da ke rubuta inda suke duk bayan ƴan mintuna. Da yamma a ɗora sawun tawaga a kan taswirar gidaje, shimfiɗa a kan shimfiɗa, kamar dai yadda aka yi wa ƙasar Kanada. Duk inda gidaje suke amma babu sawu, gobe a koma. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan ɓangare na aikin.

Taswira ba ta ɗiga wa yaro magani a baki. Matan da suka bi gida-gida da sarakuna da malaman da suka shawo kan iyaye su ne suka yi wannan. Abin da taswirar ta yi shi ne nuna inda aka tsallake. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar mai yawo a cikin jama'a.

Abin da ya rage a hannunka

Har yanzu akwai giɓi. Duba unguwarku a taswira, musamman in sabuwa ce ko tana bayan gari. Za ka iya tarar da lunguna babu suna, asibitin sha-ka-tafi babu alama, makarantar da ta shekara goma a wurin ba a san da ita ba. Manhajar mai kawo saƙo ko mai neman asibiti mafi kusa da abin da ke rumbun bayanai take aiki. In wuri ba ya ciki, ba za ta taɓa nuna shi ba.

Gyaran bai fi ƙarfin waya ba. A Google Maps akwai wurin ƙara wurin da babu shi, ka sa suna da nau'i da hoto, su duba su amince. A OpenStreetMap rajista kawai za ka yi ka fara zana tituna da gine-gine daga hoton tauraron ɗan Adam, kuma ƙungiyoyin agaji suna amfani da irin wannan zane a lokacin ambaliya ko annoba. In gidanku ba shi da adireshi, danna ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake, za ka ga Plus Code ɗinsa, ka tura wa mai kawo kaya. Wurin jama'a ake sawa a taswirar kowa, ba gidan wani ba tare da izininsa ba.

Wanda kuma yake son abin ya zame masa sana'a, QGIS kyauta ce kuma tana tafiya a kan matsakaiciyar laftof. Kafin ka sauke ta, ɗauki takarda ka rubuta tambaya ɗaya game da garinku da kake son amsarta, misali gidaje nawa ne suka fi kilomita ɗaya nisa da famfon burtsatse mai aiki. Sannan ka jera bayanan da za ka nema: ina gidajen suke, ina famfunan suke, wanne ke ba da ruwa, wanne ya lalace.